Hancin Arfaja Da Sirrin Ƙarafa Masu Daraja

Malaman hadisi, irin su Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i, sun ruwaito labarin wani sahabi mai suna Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya da ake kira Yaƙin Kulab, ya sa aka ƙera masa hanci na azurfa ya maƙala a gurbin nasa, amma ba a jima ba hancin nan ya soma wari har ya hana shi sakat, da maganar ta kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umarce shi da ya sake na zinariya, alhali kuwa zinariya haramun ce ga maza su yi ado da ita. Fukaha'u sun riƙi wannan hadisi hujja a kan halaccin ɗaure haƙori mai girgiɗi da zinariya saboda lalura, wannan kuwa fagensu ne, ba zan tsoma baki a ciki ba. Abin da ya ja hankalina shi ne dalilin da ya sa azurfa ta yi wari zinariya ba ta yi ba, domin duk wanda ya gane wannan, ya gane abin da ya sa 'yan Adam, tun daga Fir'aunonin Masar har zuwa amaryar da za a kai ɗaki a ƙarshen makon nan, suka yi ittifaƙi a kan fifita wannan ƙarfe bisa sauran ƙarafa.

Kowane ƙarfe da muke mu'amala da shi yana da abokin gaba. Baƙin ƙarfe, in ka bar fartanya a gona damina guda, tsatsa za ta cinye bakinta. Tagulla in ta sha iska da danshi sai ta yi kore. Azurfa kuwa, duk da kyanta, ba ta jure wa sinadarin farar wuta, wanda Larabawa ke kira kibritu, shi kuwa yana nan ɗan kaɗan a cikin iska, da gumin jiki, da ƙwai, da albasa, shi ya sa zoben azurfa yake dushewa ya yi baƙi a yatsa har sai an goge shi da toka. Hancin Arfaja yana manne da tsoka mai danshi dare da rana, saboda haka abin da ke samun zobe a hankali ya same shi cikin gaggawa. Zinariya ita ce Allah ya halitta da wata irin ɗabi'a ta ƙin cuɗanya: iska ba ta kama ta, ruwa ba ya cin ta, gumi da gishiri da galibin ruwan asid duk sukan wuce ta kamar ba su gan ta ba. Fuskar zinariya da aka rufe gawar Fir'auna Tutankhamun da ita, a kabarin da aka gano a shekarar 1922, ta yi fiye da shekara 3,000 a ƙarƙashin ƙasa, da aka fito da ita sai ga ta tana walƙiya kamar jiya maƙeri ya sauke ta daga uwar maƙera.

Wannan ɗabi'a tana da wani sakamako da ba kowa ke lura da shi ba. Hatsi akan ci ya ƙare, tufa takan tsufa ta yage, takardar kuɗi takan mutu a hannun mai ita, amma kusan duk zinariyar da aka taɓa haƙowa tun farkon duniya tana nan tare da mu, sai dai a narka ta a sake mata siffa, ɗan kunne ya koma zobe, zobe ya koma dinari, dinari ya koma sarƙa. Masu ƙididdiga sun kimanta jimillarta da abin da ya haura tan 200,000, wanda in aka narka shi aka zuba wuri guda, ba zai wuce curi ɗaya mai tsawon mita 22 da faɗin mita 22 da tsayin mita 22 ba, wato ko rabin filin ƙwallo ba zai cika ba. A kowace shekara ma'adinan duniya duka ba sa ƙara abin da ya kai kashi 2 cikin 100 a kan wannan curi. Sarki na iya ba da umarni a buga takardun kuɗi dubu dubu kafin gari ya waye, amma ba shi da ikon cewa zinariya ta yawaita, kuma a ganina wannan shi ne asalin amanar da mutane suka ba ta.

Akwai dai wani ruwa da ke narkar da ita, wanda ake samu in an gauraya asid iri biyu masu ƙarfi, masana kimiyya na da suka yi masa laƙabi da ruwan sarauta tun da yana iya wa sarauniyar ƙarafa. A shekarar 1940, da sojojin Jamus suka mamaye birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, wani masani mai suna George de Hevesy yana riƙe da amanar lambobin yabo na Nobel guda biyu na zinariya, mallakar wasu malamai Jamusawa biyu, Max von Laue da James Franck, waɗanda da an ga lambobin a wajen Jamus da sun jawo wa masu su bala'i, sai ya jefa su cikin ruwan sarauta suka narke, ya ajiye kwalbar a kan kanta cikin sauran kwalabe, sojoji suka yi bincikensu suka fita ba su kula da ita ba. Bayan yaƙi aka tsamo zinariyar daga cikin ruwan, aka sake buga lambobin aka mayar wa masu su. Ko a cikin ruwan da ya narkar da ita ɗin ma ɓuya kawai ta yi.

Siffa ta biyu ita ce nauyi. Kwalbar da ke cin lita ɗaya ta ruwa, nauyin ruwan kilo 1 ne. In azurfa aka cika ta da ita kilo 10.5 ne, in dalma ce kilo 11.3, in kuwa zinariya ce sai ta kai kilo 19.3, abin da yaro ba zai iya ɗagawa da hannu ɗaya ba. Da wannan nauyi ne mai wankin zinariya a bakin rafi yake cin abinci, domin in ya ɗebo yashi a ƙwarya ya yi ta jujjuya shi cikin ruwa, yashi da laka sukan bi ruwa su tafi, garin zinariya ya kwanta a gindin ƙwarya. Da shi ne kuma Arkimidis, masanin Yunanawa na birnin Sirakusa, ya nemi tona asirin maƙerin da ake tuhuma da gauraya azurfa a kambin sarki. Malaman Musulunci kuma suka ɗauki wannan ilmi suka kyautata shi, har Albiruni a ƙarni na 11, da Alkhazini wanda ya wallafa littafinsa Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen shekarar 1121, suka auna nauyin zinariya da na sauran ƙarafa da ma'aunan da suka ƙera da hannunsu, adadin da suka samu kuwa bai yi nisa da wanda na'urorin yau suke bayarwa ba.

Na ga amfanin wannan ilmi da idona wata rana da na raka wata gwaggota kasuwa a Kano, za ta sayar da awarwaronta saboda wata lalura da ta taso. Guda shida ne, a ƙulle cikin tsohon ɗankwali, huɗu ta sayo su a Makka shekarar da ta sauke farali, biyu kuma wata dillaliya ce ta kawo mata har gida. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, bai fara da sikeli ba. Ya ɗauki kowane ɗaya ya ɗan jijjiga shi a tafin hannu, ya ware biyu gefe guda bai ce komai ba, sa'an nan ya jawo wani baƙin dutse mai santsi ya goga huɗun a kai, kowanne ya bar zane rawaya siriri, ya ɗiga musu ruwan asid daga wata 'yar kwalba, zanen nan suka tsaya daram. Da ya zo kan biyun sai ya ɗauki magagari ya ɗan karce cikinsu inda ido ba ya gani, ya ɗiga ruwan a kan kartar, nan take wurin ya yi kumfa ya koma kore.

Ya ce, "Hajiya, waɗannan huɗun lafiya lau, ashirin da ɗaya ne. Waɗannan biyun kuwa sai haƙuri, tagulla ce aka yi wa ruwan gwal."

Ta ce, "Haba ɗan nan, sake dubawa dai. Shekara tara ina ajiyarsu."

Ya miƙa mata ɗaya na Makka a hannun dama, ɗaya na dillaliya a hagu, ya ce ta ji da kanta. Ta riƙe su jim kaɗan, ta yi salati, ta mayar da biyun cikin ɗankwali. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, to ranar na ga inda maganar ta samo asali.

"Ashirin da ɗaya" ɗin da dattijon ya ambata yana bukatar bayani, domin mata da yawa suna faɗinsa ba tare da sanin hakikaninsa ba. Zinariya tsantsa tana da taushi ƙwarai, har giram ɗaya ana iya buga shi ya baje ya rufe kusan murabba'in mita guda, ko a ja shi ya zama zare mai tsawon fiye da kilomita 2, taushin da ya kai haka kuwa ba zai yi zoben da za a yi wanke-wanke da daka da shi ba, dole a gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa don ta yi ƙwari. Sai aka kasa ta kashi 24, kowane kashi ana ce masa karat. Mai karat 24 ita ce tsantsa. Mai 22 kashi 91.6 cikin 100 zinariya ce. Mai 21, wadda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, kashi 87.5; mai 18 kuma, irin ta Italiya, kashi 75. Wannan shi ne ma'anar 'yan lambobin nan 916 da 875 da 750 da akan buga a jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe. Lambar dai shaida ce, amma shaidar da maƙaryaci ma yana iya bugawa, saboda haka ba ta ɗauke wa mai saye gwaji.

Shari'a, da ta tashi kafa ma'aunin dukiya, a kan waɗannan ƙarafa biyu ta kafa shi. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa miskali ɗaya, wato kimanin giram 4.25, dirhamin azurfa kuma aka daidaita shi yadda guda goma za su yi nauyin miskali bakwai. A wannan ma'auni, nisabin zakka dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa, a fitar da rubu'in ushuri in shekara ta kewayo. A kan wannan ma'auni ne kuma malamanmu na Malikiyya suka ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Kayan adon da mace take sawa, a mazhabar Imamu Malik, babu zakka a kansu, Hanafawa kuwa sun wajabta, amma wanda aka saya aka ɓoye don ajiya saboda wata rana, ko a Malikiyya hukuncinsa hukuncin dukiya ne. Akwai kuma mas'alar da ke faruwa kullum a shagunan gwal ba a ankara ba, wato mace ta kawo tsohuwar sarƙa a ba ta sabuwa ta yi ciko, alhali musayar zinariya da zinariya sai nauyi ya yi daidai kuma hannu da hannu. Mafitar da malamai suka nuna ita ce ta sayar da tsohuwar ta karɓi kuɗinta, sa'an nan ta sayi sabuwar a ciniki na dabam.

Ƙasashen baƙar fata na yamma sun daɗe suna ciyar da duniya da wannan ƙarfe. Daga ma'adinan Bambuk da Bure, daga baya kuma na ƙasar Akan inda Ghana take a yau, ayarin raƙuma suka riƙa ƙetare Sahara da garin zinariya zuwa Sijilmasa da Masar, aka buga dinarai da ita a Magrib da Andalus. Da Mansa Musa, Sarkin Mali, ya bi ta Alƙahira zuwa aikin Hajji a shekarar 1324, ya yi kyauta da sayayya har darajar zinariya ta faɗi a kasuwar birnin, malam Al'umari kuma, wanda ya bincika labarin bayan kimanin shekara 12, ya tarar miskalin da a da ake canzawa dirhami 25 bai wuce 22 ba. Fataken Hausa da suka riƙa bin hanyar Gwanja, goro ne babban abin da ya kai su, amma sun san miskali sarai, kalmar ma ta zauna a bakinsu.

Sai dai in gaskiya za a faɗa, ƙarfen adon Bahaushe na da azurfa ce. Maƙeran fari, waɗanda aikinsu ya bambanta da na maƙeran baƙi masu garma da gatari, su ne ke ƙera mundaye da zobba da kayan adon doki, haka nan maƙeran Buzaye na Agadas da suka shahara da abin wuyansu har ƙasashen Turai. Azurfar kuwa mafi yawanta daga liyari aka narko ta, wato kuɗin nan na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, mai nauyin giram 28, wanda kashi 83 cikin 100 nasa azurfa ce. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma da yake mutanen Habasha da Yaman da Sudan da Barno sun saba da fuskarta ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ɗaya tak a jikinsa har zamaninmu. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana canjin liyari guda a kan wuri 2,500. Namiji kuma, da aka hana shi zinariya, an bar masa zoben azurfa, Malikawa suka iyakance nauyinsa da dirhami biyu.

A zamanin nan azurfa ta fi yin aiki a masana'anta fiye da wuyan mata, domin babu ƙarfen da ya kai ta saurin ɗaukar wutar lantarki, babu kuma wanda ya kai ta mayar da haske. Siraran layukan da ke kan farantin sola na rufin gidanka azurfa ce, ita ce a bayan madubi mai kyau, da ita ake yin fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, kuma da yake tana kashe ƙwayoyin cuta, tana cikin man da likitoci ke shafa wa wanda wuta ta ƙona. Zinariya ma ta shiga wannan hidima ta ƙofar ɗabi'arta ta ƙin tsatsa: a cikin kowace wayar salula akwai ɗan abin da bai wuce kashi 3 cikin 100 na giram ba, an shafa shi a mahaɗan da ba a so su dushe, kuma madubin babbar na'urar hangen taurari ta James Webb da aka harba a watan Disamba na 2021, duk faɗinsa na mita 6.5, giram 48 kacal na zinariya aka shafe shi da shi.

Akwai 'yar'uwarsu ta uku da kakanninmu ba su sani ba, ita ce filatinam. Mutanen Sifen da ke wankin zinariya a kogunan Kolombiya sun riƙa tsintar ta suna zubarwa, suna ce mata 'yar azurfa don raini, saboda wutarsu ba ta iya narkar da ita, tun da zinariya na narkewa a digiri 1,064 ita kuwa sai 1,768. Yau mafi yawanta daga Afirka ta Kudu ake haƙo ta, kuma ita da danginta faladiyam da rodiyam su ne ke cikin tukunyar nan ta salansar mota da makanikai ke kira indomi, inda suke sauya gubar hayaƙi kafin ya fita. Wanda aka taɓa kwance wa tasa a gareji ya san dalilin da ɓarayi ke son ta. Daga filatinam ɗin nan kuma ake haɗa wani maganin ciwon daji mai suna sisfilatin, wanda aka fara ba marasa lafiya bisa izinin hukuma a 1978.

Saura in faɗi abin da ya fi damuna. Zinariya ba ta cutar da jiki, shi ya sa ta zauna lafiya a fuskar Arfaja, amma abokan tafiyarta biyu, dalma da zaiba, makasa ne. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, da aka bincika sai aka tarar dutsen da ake haƙowa don zinariya cike yake da dalma, mutane kuwa, da farashi ya tashi, sun riƙa kawo shi cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanukan abinci, yara masu rarrafe suka yi ta kai ta baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani, waɗansu sun tashi da lahani a ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Ita kuwa zaiba, wadda masu haƙa ke zubawa a cikin niƙaƙƙen dutse don ta tattaro garin zinariya su dunƙule, sa'an nan a ƙona dunƙulen a kan garwashi zaibar ta tashi zinariya ta rage, tururinta ba ya wari balle ya gargaɗi mai shaƙarsa, sai bayan shekaru hannu ya soma rawa, mantuwa ta yi yawa, ƙoda ta gaza, abin da ya zuba a rafi kuma ya shiga cikin kifi. Daga Zamfara har Jado da Cibarkaten a arewacin Nijar, inda samarinmu suka yi ta kwarara tun 2014, haka ake wannan aiki, galibi da hannu tsirara. Ba na ce a bar haƙa ba, domin wanda bai ba mutum abinci ba ba shi da bakin hana shi nema. Roƙona ga masu haƙa, da sarakunan ƙauyukansu, da limaman da ke yi musu huɗuba ranar Juma'a, shi ne a bar dutsen ma'adini a daji nesa da gida, kada a daka shi a turmin da ake daka hatsi, mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, zaiba kuma kada a ƙona ta a ɗaki ko a murhun da ake girki.